Kowa na son buɗe gidan abinci, babu mai son wanke tukunya

'Yan uwa ɗalibai, duk hirar da ta kai ga "bayan bautar ƙasa sai me?" sai ka ji wani ya ce shi gidan abinci zai buɗe, ya ɗauki hayar sunan su Chicken Republic ya kafa a Damboa Road. To madalla. Amma ka ce masa ya nemi aikin kicin na wata uku lokacin hutu, sai ya harare ka kamar ka zagi kakansa. Wai ɗan Unimaid guda, 'yan ajinsu su gan shi yana goge tebur?

Hayar suna fa ba gadon kwanciya ba ce. Za ka biya kuɗin shiga, sannan kamfani ya riƙa karɓar kasonsa daga cinikinka, ba daga riba ba. Dizal, gas, albashin yara, shinkafar da ta kwana ta lalace, duk a wuyanka suke. In ba ka san faranti nawa mudu ɗaya yake fitarwa ba, wallahi ma'aikatanka za su cinye ka da rai kana ofis kana latsa waya. Ba don mugaye ba ne, don babu mai lura.

Fred Turner, wanda ya shugabanci McDonald's a Amurka shekara da shekaru, da gasa nama ya fara a 1956. A nan gida kuma Mr Bigg's, da aka fara a Legas a 1986, ya taɓa samun rassa sama da 100, da yawansu a hannun masu hayar suna. Yau rassa nawa kuke gani? Suna kaɗai bai riƙe su ba.

Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci. Mu nawa ne muka shiga wani kicin ko wani otel muka koyi yadda ake lissafin kaya? Yawancinmu a majalisa muka cinye su.

Ni abin da ya fi ba ni haushi ma, me ya sa dole sai sunan Legas? Ga burabisko, ga kifin Baga, ga matan da suka shekara ashirin suna dafa wa ɗalibai kuma sun san farashin kowace albasa a Monday Market. In akwai mai shirin fara koyo a hutun nan, wajensu ya kamata ya fara neman gurbi, ko da wanke kwano za a ba shi.