Yaushe Sabon Zubin Na'urorin Wasan Bidiyo Zai Fito, Kuma Wa Zai Iya Mallakarsa?

Tun da na'urar PlayStation 5 ta kamfanin Sony da takwarorinta Xbox Series X da Series S na kamfanin Microsoft suka cika shekara biyar a kasuwa, a watan Nuwamban 2025, hasashe ya yawaita a kafofin labaran fasaha na Amurka da Turai da Japan a kan lokacin da magadansu za su bayyana. Wasu masu sharhi sun tsaya a kan ƙarshen 2027, wasu sun ce 2028, wasu kuma suna ganin jiran zai wuce haka. Wannan maƙala ta ɗauki matsayi biyu. Na farko, tsadar kayan haɗa na'ura ce za ta yanke lokacin, don haka 2028 ta fi 2027 kusa da gaskiya. Na biyu, tambayar ranar fitowa ta rufe wata tambaya da ta fi ta nauyi, wato ko sabon zubin zai zo da wurin sa faifai ko kuwa zai yi watsi da shi, domin a kan wannan ne makomar masu wasa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ta rataya.

Lissafin shekara bakwai

Masu cewa 2027 suna da hujja mai sauƙin fahimta. PlayStation ta farko ta fito a Japan a watan Disamban 1994, ta biyu a watan Maris na 2000, ta uku a Nuwamban 2006, ta huɗu a Nuwamban 2013, ta biyar kuma a Nuwamban 2020. Tazarar da ke tsakanin ukun ƙarshe shekara bakwai-bakwai ce cif, don haka idan aka ƙara bakwai a kan 2020 za a sauka a Nuwamban 2027. Lissafin yana da daɗin faɗa, amma an gina shi ne a kan tazara biyu kacal, kuma tazara biyu ba ta isa a kira ta ƙa'ida ba.

Tarihin sauran kamfanonin ya nuna raunin wannan lissafi. Microsoft ya fitar da Xbox ta farko a 2001, ya maye gurbinta da Xbox 360 a 2005, bayan shekara huɗu kawai, domin yana son ya riga Sony shiga kasuwa. Daga nan sai ya yi shekara takwas kafin Xbox One ta zo a 2013. Nintendo kuwa ya fitar da Wii U a 2012, da ta kasa karɓuwa, inda aka sayar da kusan miliyan 13 da rabi kawai, sai ya rufe babinta da Switch a watan Maris na 2017. Ita Switch ɗin, da yake cinikinta ya haura miliyan 150, an bar ta ta yi fiye da shekara takwas kafin Switch 2 ta fito a ranar 5 ga Yunin 2025. Abin da waɗannan misalai suke nunawa shi ne kamfani yana gaggawa idan hajarsa ta yi kwantai, yana kuma jinkiri idan tana kawo riba. PlayStation 5 tana cikin masu kawo riba.

Akwai kuma alamu daga bakin kamfanonin da kansu. A takardun da suka fito fili a 2023, lokacin shari'ar da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yi da Microsoft kan sayen kamfanin Activision Blizzard, an ga Microsoft yana ambaton 2028 a matsayin shekarar da ake sa ran soma sabon zubi. A watan Yunin 2025 kamfanin ya sanar da yarjejeniyar shekaru da dama da AMD domin ƙera ƙwaƙwalwar Xbox mai zuwa. A Oktoban wannan shekara, Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara PlayStation 4 da 5, ya yi bayanin wasu fasahohi da Sony da AMD suke haɗa hannu a kansu, ya kuma nuna cewa za a gan su a wata na'ura nan da 'yan shekaru. Duk waɗannan sun tabbatar da cewa aiki ya yi nisa, amma ba su tsayar da rana ba.

Abin da ke riƙe da linzami

A da can, al'adar wannan kasuwa ita ce na'ura ta fito da tsada, sannan farashinta ya riƙa sauka shekara bayan shekara, saboda ƙera ƙwaƙwalwarta yana ƙara sauƙi. PlayStation 2 ta shiga kasuwar Amurka a kan dala 299 a shekarar 2000, zuwa 2009 ta koma dala 99. PlayStation 4 ta fara a dala 399, bayan shekara uku aka sami sabon samfurinta a dala 299. Wannan saukowa ita ce take buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofa, ita ce kuma take ba kamfani damar kawo sabuwar na'ura a tsohon farashi.

A zubin da ake ciki al'amarin ya juye. PlayStation 5 mai wurin faifai ta fito a dala 499. A watan Agustan 2022 Sony ya ƙara mata kuɗi a Turai da Japan da wasu ƙasashe, a Agustan 2025 kuma ya ƙara dala 50 a Amurka. Microsoft ma ya ɗaga farashin Xbox a 2025. PlayStation 5 Pro, wadda ta zo a Nuwamban 2024, an sa mata kusan dala 700, ba tare da wurin sa faifai ba. Na'urar da ta shekara biyar ta fi ranar fitowarta tsada, abin da ba a saba gani ba.

Dalilan suna da yawa, har da hauhawar farashi da harajin shigo da kaya, amma biyu sun fi tasiri. Na ɗaya, ƙanƙanta ƙwaƙwalwar lantarki ya daina rage kuɗi kamar yadda yake yi a baya. AMD ne yake tsara ƙwaƙwalwar PlayStation da Xbox, kamfanin TSMC na Taiwan ne yake ƙera ta, kuma layukan ƙirarsa mafi inganci suna da masu jira da suka fi masu na'urar wasa kuɗi. Na biyu, ma'adanar aiki, wadda masu sayar da waya da kwamfuta suke kira ram, kusan kamfanoni uku ne suke riƙe da kasuwarta a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. A ƙarshen 2025 farashinta ya yi tashin gwauron zabo, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ta domin manyan rumbunan kwamfutocinsu. Sabuwar na'urar wasa dole ta ɗauki ram fiye da ta yanzu, in ba haka ba babu dalilin kiranta sabuwa. Kamfanin da ya fitar da ita a tsakiyar wannan tsada, ko dai ya sayar da ita da hasara mai yawa, ko ya sa mata kuɗin da zai kori masu saye. Sony bai manta da 2006 ba, lokacin da PlayStation 3 ta fito a dala 499 da 599, ta yi shekaru tana fama kafin ta farfaɗo.

Ana iya ƙalubalantar wannan ra'ayi da cewa gasa tana iya tilasta gaggawa, kamar yadda ta faru a 2005, kuma kwangilolin ƙira ana ƙulla su ne tun shekaru kafin fitowa, don haka ɗage su ma asara ce. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa ba za a kore 2027 gaba ɗaya ba. Sai dai gasar yau ba irin ta 2005 ba ce. Microsoft da kansa yana fitar da wasanninsa a kan PlayStation, alamar cewa sayar da wasa ya fi masa muhimmanci a kan yawan na'urorin da ke ɗauke da sunansa. Idan abokin tsere ya rage gudu, na gaba ba shi da dalilin ƙure numfashinsa.

Iyakar da ta dusashe

Ko da an sanar da ranar, ba za ta zama mararraba irin ta da ba. Wanda ya tashi daga PlayStation ta farko zuwa ta biyu ya ga bambanci da idonsa nan take. Bambancin da ke tsakanin ta huɗu da ta biyar ya fi bayyana a saurin buɗe wasa da santsin motsi, abubuwan da ba kowa ne zai biya ɗaruruwan daloli saboda su ba. Shi ya sa manyan wasanni suka ci gaba da fitowa a tsohuwa da sabuwa tare. God of War Ragnarök, na kamfanin Sony da kansa, ya fito a Nuwamban 2022 a kan PlayStation 4 da 5 a rana ɗaya. Grand Theft Auto V, wanda ya fito a 2013, ya ratsa zubi uku yana ciniki. Magajinsa kuwa, wanda aka ɗage fitowarsa zuwa Nuwamban 2026, an shirya shi ne domin na'urorin da ke hannu yanzu, kuma wasa mai irin wannan farin jini zai ƙara wa tsofaffin na'urorin kwana a kasuwa.

Faifai da kasuwar hannu

Hasashen ranar fitowa ya shafi mai saye a Tokyo ko Landan ko New York, wanda zai shiga layi a makon farko. Ga mafi yawan masu wasa a Afirka ta Yamma, sabon zubi yana isowa ne shekaru bayan haka, ta hanyar kayan hannu da aka gama amfani da su a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. A shagunan gem na Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, inda matasa suke biyan kuɗi kaɗan su buga wasan ƙwallon ƙafa, tsofaffin na'urori sun ci gaba da aiki bayan an daina yayinsu a ƙasashen da suka ƙera su. Lissafi ma ya isa ya bayyana dalili. Bayan sakin naira a 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a naira 70,000. A wannan canji, na'urar dala 700 ta haura naira miliyan ɗaya, wato albashin wata goma sha biyar, kafin a sa kuɗin jigila da na kwastan.

Abin da ya sa kasuwar hannu take aiki shi ne faifai. Ana sayensa, a ara, a yi musaya, a sake sayarwa, kuma yana aiki ba tare da intanet mai ƙarfi ba. To, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma alamun Larabar nan ba masu kwantar da hankali ba ne. Xbox Series S ba ta da wurin faifai sam. PlayStation 5 Pro sai an sayi nata daban. Wasu katunan wasa na Switch 2 ba su ɗauke da wasan a cikinsu, mabuɗi ne kawai da ke ba da izinin sauke shi daga intanet. Wasan da aka saya a shagon intanet na kamfani yana ɗaure ne da asusun mai saye, ba a sayar da shi ga wani. Girman manyan wasannin yau yakan kai gigabait 100, wanda sauke shi a inda data take da tsada, lantarki kuma ba shi da tabbas, wahala ce mai zaman kanta. Idan sabon zubi ya zo babu faifai, na'urar hannu za ta iso Kano wata rana, amma za ta iso fanko.

Batun ya wuce ciniki, ya taɓa adana tarihi. Nintendo ya rufe shagunan intanet na Wii U da 3DS a watan Maris na 2023. Google ya rufe Stadia, tsarinsa na buga wasa daga nesa ba tare da na'ura ba, a Janairun 2023, bayan shekara uku da 'yan watanni. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Manazarta finafinan Hausa sun san wannan ciwo, domin sun ga yadda sauyi daga kaset zuwa faifan sidi, sannan zuwa YouTube, ya sa neman wasu finafinan shekarun 1990 ya zama aiki ja. Amma kaset, komai tsufansa, ana iya tsintarsa a akwatin wani. Wasan da yake zaune a rumbun kamfani kaɗai, ranar da aka kashe rumbun ya tafi ke nan.

Kammalawa

Idan aka auna hujjojin, ƙarshen 2027 shi ne farkon lokacin da sabon zubi zai iya fitowa, 2028 kuma ita ce ta fi rinjaye, musamman idan tsadar ram ta ɗore. Wanda yake son ya san lokacin, kasuwar ƙwaƙwalwar lantarki ya kamata ya zuba wa ido. Ga masu nazarin Hausa kuwa, jinkirin dama ce. Shagon gem fage ne na rayuwar matasa da yake da kalmominsa na aro, da salon barkwancinsa, da ƙa'idojinsa na wanda ya ci ya zauna wanda aka ci ya tashi, kamar yadda dandalin dara da langa suke da nasu. Wannan fage ya ginu ne a kan na'urar hannu da faifan da ake musaya, kuma shawarar da za a yanke a ofisoshin Sony da Microsoft tana iya sauya shi cikin shekaru kaɗan. Ya dace sassan nazarin harshe da al'ada su tura ɗalibai su tattara kalmominsa, su yi hira da masu shagunan, su rubuta yadda yake gudana, tun yana nan a yadda aka san shi.