Martani: A Bar Wa Ɗalibai Bincikensu

Wani Malam ya rubuta cewa a soke binciken shekarar ƙarshe na ɗaliban nazarin zamantakewa, wai duk kwafe ne. To Malam, wa ke sa hannu a kan kwafen? Malamin da aka jibga wa ɗalibai rututu, ko babi na biyu bai buɗe ba.

Maimakon sokewa, a dubi yadda masu bincike suka yi a baya: Mary Smith da tsohuwa guda ta zauna a ƙasar Zazzau, aka samu littafin Baba ta Karo a 1954. Polly Hill kuma Batagarawa ta tare. Baƙi ke nan fa! Ɗalibarmu kuwa da harshen Hausa ta tashi, har ƙuryar ɗaki take shiga ba iso. A raba ta da takardar tambayoyin da ake cikewa a ɗakin kwana, a tura ta unguwarsu.