Golf a Sikotland: filin gari ya fi filin ƙungiya

Kowace shekara mujallun yawon buɗe ido na Turai da Amurka sukan fitar da jerin filayen golf da suka ce sun cancanci a niƙi gari a je a yi wasa a kansu. Ma'auninsu bai cika sakewa ba: laushin ciyawa, tsadar shiga, da wuyar samun izini. Gwargwadon yadda ƙofa ta ƙi buɗuwa, gwargwadon yadda ake kambama filin. Wannan ma'auni gurgu ne, kuma gaɓar tekun gabashin Sikotland, inda wasan ya yi wayo, ita ce shaidar da ta fi ƙaryata shi.

Golf dai wasa ne na kora ƴar ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami. Ya tashi ne a kan jigawar bakin teku, ƙasa mai rairayi wadda ba ta noma, sai kiwon tumaki da zomaye. Tun a 1457 sarki James na biyu ya hana shi, don ya ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. Wasan da sai da sarki ya hana talakawa, ai ba a fada kaɗai ake yin sa ba.

A duba tsohon filin St Andrews, wanda duniya ke kira gidan golf. A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya tabbatar a rubuce cewa mutanen gari suna da ikon yin golf da ƙwallon ƙafa a wannan jigawa. A nan ne aka tsai da ramuka 18 a 1764, adadin da kowa ke bi har yau. Filin na jama'a ne, wata hukumar amana da doka ta kafa a 1974 ke riƙe da shi. Baƙo yana iya samun wuri ta hanyar ƙuri'a, ba sai ya san wani babba ba. Ran Lahadi kuwa, in ba lokacin babbar gasa ba, ana ajiye sanduna, iyalai su fito shan iska a inda zakarun duniya suka taka.

Carnoustie, wanda ya karɓi babbar gasar Open har sau 8, na ƙarshe a 2018, shi ma mallakar ƙaramar hukuma ne. Musselburgh, mai ramuka 9 a tsakiyar filin sukuwa, ya karɓi gasar sau 6 tsakanin 1874 da 1889, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowa.

Sai a dubi ɗaya ɓangaren. Muirfield fili ne mai kyau, babu mai musu, kuma ƙungiyar da ta mallake shi ita ta rubuta dokokin wasan na farko a 1744. Amma baƙo ba ya taka shi sai Talata da Alhamis. A 2016 aka kaɗa ƙuri'a a kan karɓar mata, ba a samu kashi biyu cikin uku da ake bukata ba. Sai da aka janye musu gasar Open suka sake shawara a 2017, bayan shekara 273. Gyaran da sai an taɓa aljihu da suna ake yin sa, ba a kiran sa karamci. Can arewa da Aberdeen kuma, filin da kamfanin Donald Trump ya buɗe a 2012 ya ci wani sashe na tuddan rairayin da doka ke karewa, har a 2020 hukuma ta soke musu wannan matsayi, don abin da ake karewa ya riga ya lalace.

Masu kare filayen ƙungiya sukan ce kuɗin membobi ne ke riƙe inganci, kuma St Andrews ɗin ma ba arha ba ne. Rabin maganar gaskiya ce: a 2024 baƙo yana biyan fam 320 don zagaye ɗaya a lokacin cinkoso. Sai dai kuɗin yana komawa ga kula da filayen garin, mazauna kuma suna da takardar shekara mai rahusa. Tsadar da baƙo ke ɗauka don ɗan gari ya samu sauƙi daban take da katangar da ke hana ɗan gari leƙawa.

Wannan gata bai faɗo daga sama ba. A 1797 bashi ya kama hukumar garin St Andrews, ta sayar da jigawar. Ta faɗa hannun masu kiwon zomaye, aka shafe shekara wajen 20 ana shari'a da husuma, har wani mai ƙasa, James Cheape, ya saye ta a 1821 ya bar wa ƴan wasa. Gari bai sake mallakar filinsa ba sai a 1894. Sa hannun yini ɗaya, biyan bashin shekara 97.

A nan ne zancen ya shafi malamai da ƙungiyoyin al'adu na Nijar, ko da ba wanda zai taɓa riƙe sandar golf. Dajin da aka soma dasawa a kewayen Yamai a 1965 don tare iska da ƙura, an yanka babban sashensa an yi gidaje. Makiyaya da burtali suna ƙanƙancewa, filayen da yara ke ƙwallo da kokowa suna komawa shaguna. Hujjar kullum ita ce ta 1797: asusu ya bushe, fili kuwa yana kwance banza. Filin da gari duka ke takawa ba ya kwance banza. Duk mai son auna darajarsa, na golf ne ko na langa, ya fara da tambayar wane ne ke da ikon shiga, kuma takardarsa tana hannun wa.