Fadar Topkapi ta fi ƙarfin ziyarar awa ɗaya

Wanda ya san harkar sarin kaya a Istanbul ya san unguwar Laleli. Nan 'yan kasuwarmu ke sauka, abokan juna huɗu ko biyar, su yi kwanaki suna ciniki da lissafin dala. Idan kaya suka shiga hannun masu kago, sai a ware yini guda na buɗe ido, kuma kusan kullum shawarar ɗaya ce: a je a ga kayan Annabi (SAW). Sai a hau jirgin ƙasan cikin gari, tasha uku kacal, a sauka Sultanahmet, a taka zuwa fadar Topkapi da ke bayan masallacin Ayasofiya.

Niyyar mai kyau ce. Matsalar ita ce a kowane ayari akwai mai duba agogo. "Alhaji, mu hanzarta, akwai sauran ciniki." Da haka ake ratsa fadar da sarakunan Daular Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400 cikin awa ɗaya, a shiga ɗaki guda, a ɗauki hoto a bakin ƙofa, a fito. Ra'ayin wannan shafi shi ne an yi asarar kuɗin tikiti.

Sarki Muhammadu na Biyu, wanda ya ci birnin da yaƙi a 1453, shi ya fara ginin 'yan shekaru bayan haka. Wato fadar sa'ar Gidan Rumfa ce ta Kano, domin Muhammadu Rumfa ya hau mulki a 1463. Bahaushen da ya saba da tsarin gidan sarki ba zai yi baƙunta a nan ba: fili bayan fili har huɗu, kowace ƙofa tana tace masu wucewa. Filin farko na kowa ne. A ƙofa ta biyu ko waziri sai ya sauka daga doki, sarki kaɗai ke shigewa a kan sirdi. Ƙofa ta uku kuwa, daga nan an shiga hurumin sarki.

A fili na biyu akwai zauren majalisa, inda babban waziri ke zama da manyan alƙalai da ma'aji suna sauraron ƙararraki. Sama da kujerar waziri, a jikin bango, akwai wata 'yar taga mai raga. Sarki kan zauna a bayanta ya saurara ba tare da an gan shi ba. Babu wanda ya san ko yana nan ko ba ya nan, don haka kowa ke auna maganarsa. Abokan da suka tsaya minti biyar a ƙarƙashin tagar nan ba za su rasa abin muhawara ba har su koma masauki: wani zai ce dabarar tsare adalci ce, wani ya ce leƙen asiri ne kawai. Irin wannan gardama ita ce ribar zuwa tare da abokai, amma masu sauri ko ɗaga kai ba sa yi.

Daura da majalisar akwai madafan fada, jere da dogayen bututun hayaƙi, waɗanda magini Sinan ya sake ginawa bayan gobarar 1574. Dubban mutane ake dafa wa abinci a nan kullum. Yanzu an baje tangaran ƙirar Sin a ciki, daga tarin da ya haura 10,000.

Sai ɗakin da kowa ya zo dominsa. Sarki Salim na Ɗaya ne ya fara tara waɗannan kayan amana bayan ya ci Masar a 1517. Akwai takubba da baka da ake jingina wa Manzon Allah (SAW), da takubban Halifofi huɗu, da makullan Ka'aba, da wasiƙar da aka ce ita aka aika wa Muƙauƙis mai mulkin Masar. Mayafin Annabi yana cikin akwatin zinariya, kuma sarakunan kan ziyarce shi ranar 15 ga Ramadan. Mai karatu na zaune yana tilawa ba yankewa. Mutum zai ga ƙato, wanda jiya ya yi ta hayaniya a kan dala biyu, yana share hawaye da hannun riga. Akwai kuma sandar da ake jingina wa Annabi Musa da rawanin da ake jingina wa Annabi Yusuf, kuma ba laifi ba ne mai ziyara ya riƙe kalmar "ake jingina wa" da kyau, domin ba kowane abu da ke bayan gilashi yake da isnadi iri ɗaya ba.

Ɓangaren da aka fi tsallakewa shi ne cikin gida, wanda suke kira Harem. Ɗakuna ne ɗaruruwa, bango duk tayil mai shuɗi, lunguna ƙuntatattu. Mahaifiyar sarki ke da iko a nan, matsayin Mai Babban Ɗaki ke nan a Kano. Masu tsaron ƙofar kuwa baƙar fata ne 'yan Afirka, bayi da aka kamo suna yara, galibi daga Habasha da yankin kogin Nilu, aka dandaƙe su kafin a kawo su. Shugabansu kan yi ƙarfin da waziri ke shakkar sa. Bashir Aga, Bahabashe da ya rasu a 1746, ya riƙe muƙamin kusan shekara 30, har ya gina masallaci da ɗakin karatu a kusa da fadar. Baƙon da ya fito daga Afirka ya wuce ɗakunan mutanen nan bai leƙa ba, ya bar ɓangaren tarihin da ya fi shafar sa.

A cikin gidan nan ne kuma ake tsare 'ya'yan sarki, wasu shekaru da yawa, don kada su yi tawaye. Wannan ma sassauci ne. Kafin haka kashe su ake yi. Ranar da Muhammadu na Uku ya hau gado a 1595, an shaƙe 'yan'uwansa maza 19. Mai son daular yana iya jin nauyin labarin, amma fada ɗaya ce ta adana takubban Sahabbai ta kuma fitar da waɗannan gawarwaki, kuma mai ziyara mai hankali zai kalli duka biyun.

Taskar sarki ba ta buƙatar talla, layinta ya isa shaida. Lu'ulu'u mai nauyin karat 86 yana nan, kewaye da ƙanana 49. Ga kuma wuƙar nan mai manyan duwatsun zumurrudu uku, wadda aka ƙera don a kai wa Nadir Shah na Farisa, sai aka kashe shi a 1747 tun 'yan aike suna hanya, suka juyo da ita gida.

Akwai zaren da ya haɗa fadar da ƙasarmu. A shekarun 1570 Mai Idris Alooma na Borno ya aika jakadu wajen Sarkin Santambul, Murad na Uku, kuma amsar da aka ba shi tana cikin kundin daular har yau. Tarihin Borno ya ambaci Turkawa masu bindiga a rundunar Mai Idris. Ayarin da ke ɗauke da Babarbare ko ɗaya ya samu wanda zai yi wa sauran tinƙaho a ranar.

Sarakunan da kansu suka bar fadar a 1856, suka koma Dolmabahce mai tsarin ginin Turai a bakin ruwa. A 1924, bayan kafa jamhuriya, aka mayar da Topkapi gidan tarihi.

Don haka masu shirin zuwa, a gama ciniki tukuna, a sallami masu kago, a ba fadar yini guda cur. A isa da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su juye mutane, a sa takalmi marar takura, a haɗa kuɗi a ɗauki ɗan jagora mai lasisi. Kuma kada a sa ranar Talata, domin a rufe fadar take.