Yumɓu mai ba da wutar lantarki: ina matsayin kwarin Kumadugu?

Duk wanda ya bi gaɓar Kumadugu daga Difa zuwa Boso, har Yebi, ya san tattasai ne arzikin manomi, kuɗin man injin ban-ruwa kuwa shi ke zaftare masa riba. Saboda haka ya dace mu san wani bincike da masana ke yi kan samun lantarki daga gas ta hanyar wani irin gasasshen yumɓu.

Wannan yumɓu ba na tukunya ba ne, sunansa zirkoniya. Tun wajen 1897 Bajamushe Walther Nernst ya nuna cewa idan aka gauraya shi da sinadarin itiriya, ya kuma yi zafi, lantarki na ratsa shi. Gaurayar tana barin gurabe a jikinsa, sai ƙwayoyin oksijin su riƙa tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi. Idan aka yi siririn faranti da shi, iska a wannan gefe, gas a wancan, oksijin zai ƙetara ya haɗu da gas, lantarki ya fito, babu harshen wuta, babu ƙarar inji. Fiye da rabin ƙarfin gas ɗin na iya zama lantarki. Abin ma yana tare da mu: ma'aunin oksijin da kamfanin Bosch ya fitar a 1976, wanda ke bututun hayaƙin motoci da yawa, da shi ake yi.

Matsalar ita ce zafi. Zirkoniya sai ta kai digiri 800 zuwa 1000 kafin oksijin ya yi sauri, kayan da ke jure haka kuwa tsada gare su. A 1994 Tatsumi Ishihara na Japan ya fito da wani haɗin lantanum da galiyum da oksijin ke ratsawa da sauri a zafin da bai kai haka ba. Kowane digiri ɗari da aka rage, tsada na sauka.

Ɗanyen man Agadem daga jahar Difa yake, matatar SORAZ ta Damagaram kuma tana fitar da gas tun 2011. Amma kada mu yi gaggawa. Na'urar ba ta son a riƙa kunnawa ana kashewa, ƙibiritun da ke cikin gas yana lalata ta, ga rashin masu gyara. A ganinmu, manomin Yebi, wanda hare-haren 2016 suka raba da gonarsa, farantin hasken rana ya fi masa kusa. Inda za ta dace shi ne wurin da ke son wuta dare da rana, kamar asibiti, bayan Jami'ar Difa ta horar da ƴan ƙasa da suka san ta.