Tsiron da ba shi da suna

A kan manyan duwatsun ƙasashe masu zafi, inda hazo ke kwana cikin kurmi, akwai wani ɗan tsiro mai manne wa ɓawon itace da dutse. Da Faransanci ana ce masa liken. Ba shi da saiwa, ba shi da fure. Abu biyu ne suka haɗu suka yi shi: wani dangin funfuna, da gansakuka. Gansakuka tana haɗa abinci da hasken rana, funfuna tana ba ta mazauni da laima. An san kamar iri 20,000, kuma har yau ana gano sababbi.

A shekarar 2014, masana suka sake duba wani liken na duwatsun Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Da can ana zaton iri ɗaya ne. Ashe aƙalla iri 126 ne! A Afirka ma ana wannan bincike, a duwatsun Taita na Kenya da Kilimanjaro na Tanzaniya.

Aikin yana son haƙuri. Masani yakan ɓamɓaro tsiron, ya shanya, ya sa cikin takarda, ya rubuta wuri da rana. Sai ya duba da madubin ƙara girma, ya gwada da waɗanda aka adana. In babu irinsa, ya raɗa masa suna na Latin mai kalma biyu.

Wani zai ce wahalar banza ce, tun da tsiron ba ya cika rumbu. Ya yi kuskure. Ana sare kurmin nan, kuma abin da ba a rubuta sunansa ba, ko ya ƙare ba mai cigiyarsa.

A Dantchiao babu babban dutse, babu kurmi. Rairayi ne da hatsi da gawo. Shi gawo ya tsira, don kowa ya san shi. Yana kaɗe ganye da damina, hatsi ya yi kyau a gindinsa. Tun zamanin sarakunan Damagaram aka hana saransa. To, ƙananan fa? Hakin da ke fitowa bayan ruwan farko, da baƙin ɓawon nan da ke riƙe rairayi a saura? Tsofaffi sun san sunayen haki da yawa, amma a ka suke, ba a takarda ba.

Nan ɗalibin aji mai harshe biyu ya fi kowa dama, tun da yana rubuta Hausa da Faransanci. Ya kamata kowane aji ya buɗe kaye guda. A tsinko ganye, a matse cikin takarda ya bushe, a tambayi kaka sunansa da amfaninsa. In mutanen Magariya da na Dungas sun saɓa kan suna, a rubuta duka biyun. In ba wanda ya san shi, a zana shi, a bar gurbin sunan fili.