A Koya Wa Ɗalibai Auna Tallar 'Yan Siyasa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayen albasa a Madawa ya san ba a yanke ciniki da abin da ke bakin buhu. Sai an zazzage an ga na ƙasa. Abin mamaki shi ne, mu da ba a cuta mu a kan buhu guda, mun yi shekara talatin muna sayen alkawarin 'yan siyasa ba tare da mun kwance bakinsa ba.

Tun bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, da zaɓen 1993 wanda ya kai Mahamane Usman kan mulki, mun ga yadda ake farfaganda a Madawa, Buza da Keita: atamfa mai hoton ɗan takara, mota da lasifika ranar kasuwa, makaɗa da kirari, shayi da sukari ga samarin fada. A zaɓen 2020 da 2021 kuma sai saƙon murya na WhatsApp ya shigo, wanda ba a san mai shi ba balle a tuhume shi.

Wani zai ce wannan magana ta wuce, tunda sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, kuma an rusa jam'iyyu a Maris 2025. Ni kuwa ina ganin yanzu ne lokacinta. Ba a gyaran rufin ɗaki ana tsakar ruwa. Yaron da ke kwaleji yau shi ne mai ƙuri'a ran da aka koma ga akwati, kuma malami zai iya ɗauko tsofaffin tallace-tallace ya baje su gaban aji ba tare da an ce yana yi wa wani aiki ba.

Darasin ba ya bukatar sabon littafi. Tambayoyi huɗu sun isa. Wa ya biya kuɗin wannan talla? Me aka yi alkawari, a ina, zuwa yaushe? Daga wace aljihu kuɗin za su fito? Shin mai alkawarin yana da hurumin cika shi? Ɗalibi ya san cewa aikin ɗan majalisa yin doka ne, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido kan gwamnati. In ɗan takarar majalisa ya ce zai shimfiɗa kwalta, sai a tambaye shi ta wace hanya.

Misalai kuwa ba su ƙare ba. An ƙaddamar da layin dogo na Yamai zuwa Doso a Janairu 2016, ana saura makonni kaɗan zaɓe, amma jirgin bai zama abin hawan jama'a ba. An aza harsashin madatsar Kandaji a 2008, gwamnatoci suka yi ta shuɗewa ana jiran ruwa da wuta. Ga kuma misalin gida: aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya, wanda mata suka fi kowa ɗaukar duwatsunsa, da layukan bedi masu tare iska da aka soma dasawa a kwarin Majiya a 1975. A tura ɗalibai su tambayi tsofaffi wa ya yi, da me, cikin shekara nawa. Wanda ya ga yadda aiki na gaske yake cin lokaci da gumi, ba a ruɗa shi da waƙar dare ɗaya.

Akwai haɗari, ba mu musanta ba: malami na iya mai da aji dandalin jam'iyyarsa. Maganinsa shi ne ma'auni ɗaya ga kowa. In an auna tallar Tarayya, a auna ta Nassara da ta Rahama a rana guda. Ma'aunin kuma ya hau kan duk mai mulki, farar hula ko mai kaki, domin alkawari ba ya canza nauyi saboda tufafin mai yin sa.

'Yan kasuwa da ma'aikata, ku ne iyayen waɗannan yara, ku ne kuma ke zama a ƙungiyoyin iyayen ɗalibai. Ɗan kasuwa ya san lissafin riba da faɗuwa, ma'aikaci ya san ba a kashe dala sai da layinta a kasafi. Ku nemi shugabannin makarantu su ware wa wannan darasi ko da awa guda a wata, ku kuma shiga aji ku ba da abin da kuka sani. Matasan da suka faɗi a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 suna cikin waɗanda suka buɗe mana ƙofar zaɓe. Bai kamata 'ya'yanmu su sayar da ita a kan turmin atamfa ba.